Zuwa ga Bawana Bazazzagi: Wa Ke Jiƙa Maka Vespa da Daddare?

Allah gafarta Malam, Bazazzagi bawan Kanawa, gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa. Ya iyali, ya ɗalibai, ya kuma aka ji da shanyar wando?

Kada ka yi mamakin yadda zancen ya iso Kano. Motocin da ke tashi daga Kwangila ba fasinja kaɗai suke kawo mana ba. An ce tun da damina ta fara ja da baya, kullum safiya sai ka tarar da sit ɗin Vesparka sharkaf, alhali ko yayyafi ba a yi ba. An ce ka tara yaran unguwa ka yi musu huɗuba, ka ɗora wa almajiran maƙwabcinka laifin ɗauraye kwanon bara a kanta, har ka hana idonka barci kana leƙe ta taga da tocila. Da ba ka kama kowa ba, sai ka koma yi wa tsamiyar ƙofar gidanka wani irin kallo, kana karanta abin da ya sawwaƙa in za ka gifta ta. Wannan fa a garin da kuke cika mana baki da shi, wai birnin ilimi. Ga jami'a a Samaru tun 1962, ga Barewa, ga Alhudahuda, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama inda ba a sakar wa ɗalibi jirgi sai ya san halin gajimare, amma an rasa mutum ɗaya da zai ja ka gefe ya ce, Malam, raɓa ce. To ga ɗan kasuwa zai ɗora maka karatu, kuma kyauta. Rubuta ranar, don ba lallai a sake ba.

Wanda ya gan ka a ɗaurin auren Tudun Wada ya ba ni labari yana share hawaye don dariya. Ya ce ka iso da farar shadda tana ƙyalli, ka kafe Vespa, ka gyara zaman hula, ka taho kana baza hannun riga irin na manya. Ta gaba babu abin cewa. Sai da ka juya za ka cire takalmi mutanen da ke bayanka suka fara duban juna. Daga nan ka nemi jikin bango ka manne, aka yi ta cewa Malam matso gaba ga darduma, kana cewa nan ma ya isa, kai da kowa ya san ba a raba ka da sahun farko in za a raba goro. Aka shafa fatiha, jama'a suka watse, kai kana nan sai da rana ta yi maka aikin da tsumma zai yi tun a gida.

Na san amsarka tun ba ka buɗe baki ba. Za ka ce ai ka san raɓa, daga sama "yake" saukowa, tun da ku can mace da namiji duk ɗaya ne a bakinku. To a nan ma ka faɗi jarrabawa. Ruwan nan ba daga sama yake zubowa ba, ba kuma wani ke zagayowa da buta ba. Tun da rana yana nan tare da kai, cikin iskar da kake shaƙa. Iska tana ɗauke da tururin ruwa wanda ido ba ya gani, kuma gwargwadon ɗuminta gwargwadon abin da take iya riƙewa. Iskar da za ta cika akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, in zafinta ya kai digiri 30 tana iya riƙe kimanin giram 30 na ruwa. In ta huce zuwa digiri 20, iyakarta wajen giram 17. In da ma ta cika da laima, ragowar dole ta sauke shi, kuma a jikin abin da ya sanyaya ta take saukewa. Ka taɓa sayen fiya wata mai sanyi, na ce saye fa, ban ce an miƙo maka a wurin walima ba, ka ga ledar tana gumi a hannunka? Ba huda ta yi ba. Iskar da ta taɓa sanyinta ce ta ajiye mata kayanta.

Saura tambayar da ɗalibin kirki zai yi: wa ya sa sit a firji? Sararin sama ne. Duk abin da ya sha zafi da rana, da dare fitar da shi yake yi. Wanda ke ƙarƙashin rufi, rufin yana maido masa da wani abu daga ciki. Gajimare ma haka yake yi wa gari gaba ɗaya. Wanda kuwa ya kwana yana fuskantar sama tarwai, ga taurari ga wata, zubar da zafinsa kawai yake, abin da ke dawo masa kaɗan ne, har ya wayi gari ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi da 'yan digirori. Daɓen siminti yana da ajiya, zafin rana na tasowa daga cikinsa har tsakar dare. Inji ƙarfe ne mai nauyi, ga shi a ɓoye cikin murfi. Sit kuwa leda ce siririya da aka shimfiɗe tana kallon sama, a ƙarƙashinta soso, shi kuma soso ba ya barin zafi ya ratsa shi. Ledar ta bayar da ɗan abin da take da shi, babu mai agaza mata daga ƙasa, sai ta riga kowa yin sanyi. Gobe da asuba kafin ka wuce masallaci, shafa saman sit, sannan ka shafa gefen Vespar da ke jikin bango, ka ji wanne ya fi jiƙa. Ka lura kuma, daren da hadari ya rufe gari, ko aka kwana ana iska, sit a bushe yake kwana. Almajiran maƙwabcinka ba sa duba gajimare kafin su wanke kwano.

Tun da ku Zage-zagi ba ku yarda da magana sai an jingina ta ga wani malami, ga naka. Wani likita ne a Landan, William Charles Wells, haifaffen Charleston ta Amurka. Ya yi ta kwana a lambu yana aikin da kai ka yi da tocila, sai dai shi da sikeli da ma'aunin zafi ya fita. Yakan auna dunƙulen gashin tumaki, ya ɗora wani a kan katako yana kallon sama, ya maƙala wani a ƙarƙashin katakon, da safe ya sake aunawa. Na sama ya fi shan ruwa nesa ba kusa ba. Ya kuma kafa 'yan tsinkaye ya ɗaura musu hankici siriri a saman ciyawa, ba tare da ya taɓa ta ba, ya tarar ciyawar da ke ƙarƙashin hankicin ta fi ta fili ɗumi. A 1814 ya wallafa abin da ya gano, ƙungiyar masana ta Ingila ta ba shi lambar yabo ta Rumford. Hankici fa, Malam. Shekara ɗari biyu da ɗoriya da gama wannan shari'a, kai yanzu kake kiran shaidu.

In za a yi adalci, garinku ma da nasa hannun. Zariya ta fi Kano samun ruwa, damina ta riga zuwa muku ta kuma riga barinmu. Kuna kan tudun da ya haura mita 600 daga teku, mu ba mu kai 500 ba, don haka darenku ya fi namu hucewa. Ga Kubanni ga Galma, ga fadamun rake ta kowace kusurwa suna numfasa danshi. Lokacin da abin ya fi tsanani shi ne yanzu, ƙarshen Satumba zuwa Oktoba: ruwa ya ɗauke ƙafa, gajimare ya yaye, amma ƙasa da ciyawa suna nan jiƙe, iska cike da laima, dare kuma shiru. Kowane manomi ya san wannan, domin da raɓa dawa da wake ke ƙarasa abin da damina ta bari, kuma ba ya shiga gona da sassafe bai naɗe wando ba. Ka ga ashe da ka tambayi mai kawo maka tsakin fate da ya hutar da kai.

Magani kuwa ya riga ya fito daga bayanin: ka sa wani abu tsakanin sit da sama. Mafi sauƙi, shigar da Vespar zaure. Na san abin da za ka ce, zaure ya cika. Da me ya cika? Da ɗaurin tsofaffin jaridu da gara ta gama karantawa, da takardun jarrabawar ɗaliban da yanzu suke da jikoki, da kujerar nan mai ƙafa uku da kake cewa za a gyara tun zamanin soja. Ka ce kuma dokin ƙofa ya yi tudu, ba ta hawa. Katako ɗaya ake jinginawa a tura ta, ko yaro ya iya. In duk wannan ya gagara, falle biyu na kwano da 'yan sanduna sun isa rumfa, ba ta buƙatar bango, domin aikinta tare sama ne kawai. Ko inuwar baranda, ko lungun da ke tsakanin katanga biyu, duk suna rage abin. Kai, har tsamiyar da kake tuhuma, ita ce mai ƙaunarka a unguwar: abin da aka ajiye a gindinta ba ya ganin sama, raɓa kaɗan yake samu. Sai dai ka shirya karɓar saƙon tsuntsaye, wanda shi kam daga sama yake zuwa da gaske.

An ce wani ɗan'uwanka masani ya ba ka shawarar ka naɗe Vespar ruf da babbar leda, ka ɗaure da igiya har ƙasa kamar kayan da za a aika Legas. Kada ka soma. Ƙasar da Vespa ke tsaye a kai tana fitar da danshi duk dare, musamman in turɓaya ce ko ciyawa. Ledar ta tare shi a ciki, ita kuma ta yi sanyi don ita ke kallon sama yanzu, sai ruwa ya taru ta cikinta ya riƙa ɗiga a kan abin da ka ce kana karewa. Rana ta fito ta dafa shi a ciki. Kafin ka farga tsatsa ta kama wayoyin birki, makunnin fitila ya fara gardama irin taku. In tamfol za ka sa, ka bar masa sarari ta ƙasa iska ta riƙa ratsawa, ka jira salansa ta huce kafin ka rufa, kuma ka kafe mashin a kan siminti ba a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ba. In sit kaɗai ne damuwarka, tsohon bargo ko buhun algarara ko ma kwali, a ɗora a danne da dutse, ya wadatar. Shi zai sha raɓar, da safe ka yaye shi ka rataya a igiya.

Sai tsumma. Ban san abin da ya shiga tsakanin Bazazzagi da tsumma ba. Ka yanki tsohon tawul ka ajiye shi a inda raɓa ba ta kaiwa, shafa biyu ya gama. Ba da hannun riga ba, ba da hula ba, ba kuma da tafin hannu ba, wanda baza ruwan kawai yake yi ya tura shi cikin ɗinki. Kada kuma wani ya ruɗe ka da shafa wa sit man gyaɗa ko baƙin mai ko man ƙyalli wai don ruwa ya zame. Ruwa zai zame, kai ma za ka zame, ranar da ka taka birki a Ƙofar Doka akuya ta gifta. Kananzir da fetur kuma busar da leda suke yi ta tsattsage.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙa, wanda na tabbata shi ne ainihin ciwonka. Duk raɓar dare guda, ko a daren da ta fi yawa, da wuya kaurinta ya kai rabin milimita. A faɗin sit ɗinka da ƙyar ta kai rabin kofin shayi. To yaya rabin kofin shayi, bayan ma ka ce ka goge, zai ratsa babbar riga da 'yar ciki da wando, ya kuma bi ka tun daga gida har Tudun Wada yana ƙaruwa? Ba daga saman sit yake ba, daga cikinsa yake. Ledar nan ta sha ranar shekaru, ta bushe, ta tsage a gefe inda cinya ke gogawa, ɗinkin baya ya saki, ka manne shi da salatif baƙi wanda shi ma ya ɗago. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk markar watan Agusta ta nan ta bi ta shige soso, raɓar kowane dare tana gangarawa ta same ta, ledar kuma ta hana shi bushewa. Kana gogewa sama ta yi fes, ka hau, nauyin faten da ka sha ya matse soson, ruwa ya biyo ta tsagar da ramukan allura ya gaishe ka. Kowane rami ka faɗa, ƙarin matsa ne. Gwada ka gani: danna babban yatsa kusa da ɗinkin da rana tsaka, in ka ga ruwa ya tsattsafo, ko ka ji warin rima, to bar zargin dare.

Wannan ba ya jin bargo, ba ya jin rumfa. Sai ka kwance sit ɗin ka kai wa masu ɗinkin kushin. Su ɓalle tsohuwar ledar, a fito da soson a matse shi, a shanya shi a rana har cikinsa ya bushe, ba samansa kaɗai ba. In ya fara marmashewa a hannu a sake wani. Kafin a ja sabuwar leda, ka ce su fara lulluɓe soson da farar leda siririya, yadda ko ruwa ya bi ɗinki ba zai sami mashaya ba. Ka kuma zaɓi wadda ba ta da yawan ɗinkin ado a sama, domin kowane layin zare layin ramuka ne. Na san ku da son kwalliya, za ka so a tsaga mata gida-gida a rubuta maka karin magana a baya. Haƙura. In masu ɗinkin Sabon Garinku sun ce ba su da leda mai kauri, Ƙofar Wambai tana nan inda ka san ta, kuma zan raka ka don kada 'yan'uwana su ji harshenka su ninka maka kuɗi. Ladan rakiya kuma mu yi magana.

Ta fuskar addini ka kwantar da hankalinka, ko da yake kai ya kamata ka faɗa mini. A farkon babin tsarki na Muhtasar ɗin Halilu, wanda kuke taƙama kun haddace, an ƙidaya ruwan da aka tara daga raɓa cikin ruwan da ake tsarki da shi. Rigarka tsarkakakkiya ce, sallarka ta yi. Matsalar ita ce mutanen sahu na biyu ba su san daga ina ruwan ya fito ba, kuma ba za ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana jan baƙi ba.

Ita kanta Vespar ta cancanci a tausaya mata. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa da rahama, da kuɗin Udoji ya saye ta a 1975, lokacin da malaman makaranta suka yi ta fito da su sababbi dal. Kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙera irinta a 1946, wanda ya zana ta kuma, Corradino D'Ascanio, injiniyan jirgin sama ne da ba ya ƙaunar babur don yana ɓata tufafi. Shi ya sa ya ɓoye inji, ya yi mata garkuwa a gaba ta tare taɓo, ya bar fili a tsakiya yadda mutum zai zauna ba sai ya ɗaga ƙafa ya haye ba. Kai ka ce da babbar riga a ransa ya zana ta. Ya kare ka ta gaba, ya kare ka ta ƙasa, bai dai zaci za a sami wanda zai bar ta shekara hamsin tana kwanan waje ba. Jikinta duk farantin ƙarfe ne guda, ba ta da wani ƙashi a ciki, don haka tsatsa a wurinta ba muni ba ne kawai, karaya ce. Ɗaga robar da kake taka ƙafa ka duba abin da danshi ke yi a ƙarƙashi. Tankinta kuma a ƙarƙashin sit ɗin nan yake, kuma abin da ke faruwa a waje yana faruwa a cikinsa: tankin da ya kwana wayam iska ce cike da shi, dare ya yi sanyi ta sauke laimarta a jikin ƙarfe, ruwan ya gangara ƙasan fetur ya nufi kafireto. Shi ne kake ta dukan kik da safe tana tari, kana zagin fulogi. Maganinsa a kwana da tanki cike. Na san tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ba ka ƙara sayen abin da ya wuce na kwalba ba, don haka wannan shawarar na ba da ita ne don sauke nauyi.

Na kuma san yadda za a ƙare. Ba za ka share zaure ba, ba za ka kafa rumfa ba, sit kuma za ka ƙara masa salatif. Nan da tsakiyar Nuwamba iskar hunturu za ta sauko daga Sahara a bushe ƙarau, ta tsotse laimar gari, leɓe ya fara tsagewa, raɓa ta ɗauke sai dai a bakin fadama, soson ma ya bushe don kansa. Sai ka fito majalisa ka gyara murya ka ce tun ranar da ka yi wa tsamiya tofi ba a sake taɓa maka mashin ba. Ka faɗa musu, ba zan tona ka ba. Amma ka sani daga ranar ƙura ce za ta karɓi aiki, kuma farar shadda ba ta fi son ja a kan jiƙa ba. In an kawo sabuwar mazarƙwaila ka aiko mini da ita ta hannun direban Kwangila, shi ne kuɗin makaranta.